Na'urar Japan da Hatimin Baban Kindness

Kwana biyar ke nan Justina ba ta ci abinci ya zauna mata ba. In ta kai loma baki sai ta tuna da kwalin da ke ƙarƙashin gado, sai ta ture kwanon tuwon. Ko a zumuntar mata ta coci ranar Talata, da aka ta da waƙa, leɓenta kawai ke motsi. Maƙwabta duk sun san dalili, don abin a gaban idon unguwar Kurudu ya faru. Mutum ɗaya ne bai sani ba, shi ne kuma ya fi kowa haƙƙin sani, ga shi jirginsa ranar Asabar zai sauka.

Ga yadda aka yi.

Justina tana da ƙane, Silas, shekararsa shida a Japan yana aikin kwance tsofaffin motoci ana loda kayansu a kwantena. Ya tafi ya bar 'yarsa Marvel a Kwoi wajen uwarta tana shekara biyar. Yau tana sha ɗaya, ba ta san ubanta ba sai a hoto da murya a waya. Duk kiran da zai yi abu ɗaya take roƙo, na'urar wasan gem irin wadda ake jona wa talabijin. Sai ya saya, ya cusa kwalin cikin kayan wani abokinsa mai dawowa, ya ce a kai wa Justina. A waya ya ce mata, "Yaya, ki ajiye min. Da hannuna nake so in miƙa mata."

A danginsu kuwa Justina ce ma'aji. Zannuwan da uwarsu ta bari ma a akwatinta suke. Ba ta yi boko mai zurfi ba, ba ta da mota, ba ta da shago a Wuse, amma ba a taɓa ba ta ajiya ta salwanta ba, kuma da wannan sunan take ɗaga kai a taron dangi.

Sai aka yi rashin sa'a, ranar da aka kawo kwalin tana kasuwa. Mijinta ne a gida.

Thaddeus, wanda kowa ke kira Baban Kindness, shekara ashirin da biyu ya yi yana masinja a wata ma'aikata a sakatariya kafin ya yi ritaya. In ka ji daga bakinsa, shi ya riƙe ma'aikatar a kafaɗa. Daraktoci bakwai sun zo sun tafi yana nan, kuma babu fayil ɗin da ya taɓa maƙalewa a tebur ya gagare shi. Lokacin da aka sake wa ma'aikatar suna aka zubar da tsofaffin hatimai, ya tsinci ɗaya ya kawo gida, irin mai cewa an karɓa, da gurbin kwanan wata da na sa hannu. Tun daga ranar takarda ba ta shiga gidan ta fita lafiya. Katin biki, takardar asibiti, sakamakon jarrabawar 'yarsu Kindness, har takardar da aka ƙunso ƙosai, sai ya buga mata hatimi ya sa hannu. Karantawa ce dai ba ya yi. Yakan ce karatu aikin darakta ne, shi nasa karɓa.

Da Justina ta dawo ta tarar da kwali a buɗe a tsakar ɗaki, na'ura baƙa a kan tebur, maigidan ya buɗe sabon fayil ya rubuta GEM a bayansa. Wata takarda a ninke da ya samu a saman kayan tuni ta sha hatimi ta shige fayil. Justina ta ajiye kwandonta ta ce masa wannan fa ajiya ce. Ya ce ai shi ya sa. Ajiyar da ba a gwada ba, ta yaya za a san ta iso lafiya?

"Dubawar hukuma ce kawai, Maman Kindness. Minti goma."

Malam Farouk, mai gyaran rediyo da talabijin a shagon ƙofar gida, shi ya leƙo ya ga Thaddeus yana ƙoƙarin cusa waya a bango. Ya riƙe masa hannu, ya zaro wani ɗan akwati mai nauyi daga gefen kwalin. Ya ce wutar Japan rabin tamu ce, wannan ɗan taransfoma shi ke rage ƙarfinta, ta cikinsa za a jona, ba a bango kai tsaye ba. Thaddeus ya ce ai ya sani, gwada shi yake yi ya ga ko ya iya aikinsa.

Aka kunna. Akwai faifai ɗaya a cikin na'urar, sai ga wani tsoho a talabijin, da malafa, zaune a bakin tafki ya jefa ƙugiya. Aka jira. Tsoho yana zaune. Aka danna nan, aka danna can, rubutun Japan ya fito ya koma, tsoho bai motsa ba. Wasan kamun kifi ne.

Baba Kure, mai gidan da suke haya, manomi ne da aka haifa a nan tun Kurudu tana gonaki. Ya shigo karɓar fatanyarsa, ya ga tafkin, ya nemi kujera. Da Thaddeus ya kai hannu zai kashe, Baba Kure ya ce, "Bar shi. Wannan mutum yana da haƙuri. Zai kama."

Kafin tsohon ya kama komai taga ta cika da kawuna. Thaddeus ya dubi kawunan nan, ya dubi na'ura, sai Justina ta ga idonsa ya yi irin ƙyallin da ya yi shekarar da ya ce zai kiwata zomaye a bayan gida.

Washegari ya sanar da Gasar Kofin Kurudu. Ƙwallon ƙafa za a buga a na'ura, ranar Lahadi ta uku bayan an tashi daga coci, Baba Kure babban baƙo, wanda ya ci a ba shi zakara. Zakaran Justina, ba tare da an tambaye ta ba. Baɗi kuma Karu da Nyanya za su shigo, sannan Masaka, sannan Lugbe, daga nan sai babban filin wasa. Ya rubuta sanarwa goma sha biyu, kowace da hatimi, ya lilliƙa har jikin taransfomar unguwa. Justina ta roƙe shi da girman Allah, ta roƙe shi da sunan Marvel. Ya ce Silas sai nan da wata guda. Ana gama gasa zai mayar da na'ura kwalinta, ko wanda ya ƙera ta ba zai san an taɓa ba.

Ya hau mota ya tafi Masaka, ya dawo da faifan ƙwallo a leda, yana ɗaga shi sama kamar takardar ƙarin girma. Na Landan ne, in ji shi, gangariya, ba irin na bakin titi ba. Ya cire mai kifi ya sa na ƙwallo. Na'ura ta yi gurnani, ta yi shiru, fuskar talabijin ta yi ja, rubutun Japan layi biyu ya fito. Ya cire ya hura masa iska ya mayar. Ja. Ya goge da gefen rigarsa. Ja.

Malam Farouk ya juya kwalin faifan ya duba, ya yi murmushi. Ya ce masu ƙera irin waɗannan na'urori sun raba duniya gida-gida. Ta Japan faifan Japan take ci, ta Turai na Turai, ta Amurka na Amurka. Ko dai a nemo faifan ƙwallo na Japan, ko a kai ta wajen wani a Masaka ya farke cikinta ya yi mata dabara, ko kuma a mayar da ita kwali, wanda shi ne ya fi. Da jin an ce farke ciki Justina ta tsaya tsakanin mijinta da tebur.

Thaddeus ya gyaɗa kai a hankali. "Wato biza ce faifan ba shi da ita."

"Oga, ba maganar biza ba ce."

"Farouk, kai waya ka sani, ni gwamnati na sani. Baƙo ya zo ƙofa an ce ba ya shiga, mene ne wannan in ba rashin takarda ba?"

Ya ɗauko hatimi ya huhhura masa, ya buga a kan faifan, a gefen nan mai walƙiya. Malam Farouk ya ce ai ta nan na'urar take karantawa. Thaddeus ya ce shi ya sa ya buga a nan, don ta gani da idonta. Wannan karon ko jan ma bai fito ba, na'urar sai ƙara take yi kamar mai kakari. Sai da aka wanke tawadar da sabulu, aka goge da ɗankwalin cocin Justina, wanda har yau shuɗin bai fita ba.

Kwana biyu yana tunani, sannan ya gano bakin zaren. Zafi ne. A shekara ashirin da biyu bai taɓa ganin darakta ya sa hannu a takarda iyakwandishan a kashe ba. Faifan Landan, na'urar Japan, duk 'yan ƙasar sanyi, an haɗa su a ɗaki mai rufin kwano, dole rai ya ɓaci. Ya so ya kai na'urar kanta cikin firizar Madam Mabel, maƙwabciyarsu mai sayar da ɗanyen kifi, amma Justina ta rungume ta ta ce sai dai a sa su tare. Sai ya kai faifan kaɗai.

Mabel ta ce, "Oga, firizata ba otal ba ce. In ya ɓata ba ruwana."

Ya ce awa uku kawai. Ya je ya kwanta, barcin rana ya ɗauke shi. Kafin ya farka faifai ya daskare a jikin wani ƙaton kifi, Mabel tana hira ta naɗe kifin da abin da ke jikinsa ta miƙa wa wata mata. Ranar Kurudu ta ga Baban Kindness da silifa ɗaya, cikin yayyafi, yana bin ɗan acaɓan da ya ɗauki matar yana kiran a tsaya, akwai kayan Landan a cikin kifi. Sai a mararraba ya cim musu. Matar ta ce ita da kuɗinta ta sayi kifi da duk abin da ke jikinsa, sai da mutane suka sa baki.

Faifai ya dawo yana ƙarni, kyanwoyin gida biyu na biye. Baba Kure ya shinshina ya ce yanzu kam wataƙila na'ura ta karɓa, tun da an ga tana son kifi. Aka sa. Ja.

Justina ta ɗauka ya haƙura. Ta ma ɗauko kwalin ta karkaɗe. Ashe yana zaune ne yana tuna ƙofar sakatariya. Ranar Juma'a ya buga cinya ya ce ya tuna yadda suke shigar da wanda ba shi da katin shaida. Mai kati ya wuce gaba, ya tsaya yana gaisawa da maigadi yana tambayar iyali, marar kati ya sulale ta bayansa. Rakiya ke nan. Za a sa faifan kifi, na'ura ta duba takardunsa ta gamsu, kafin ta waiwayo a fizge shi a sa na Landan.

Matsalar, da an ɗaga murfi na'urar take tsayawa. Sai ya gano ɗan maɓallin da ke gaya mata an buɗe, ya danne shi da tsinken ashana, ya liƙe da cingam. Malam Farouk ya tsaya yana kallo, ya ce gaskiya ya taɓa jin masu wasan suna yin abu mai kama da haka, amma ko ya shiga hoton ba zai yi kyau ba, don tsarin hoton Turai daban, na Japan daban. Thaddeus bai ji ƙarshen maganar ba, farkonta ya ishe shi.

Ya gwada ya fi sau arba'in. Faifai ya yanke shi a yatsa, sau ɗaya ya tashi sama ya faɗa tukunyar miya. Justina tana bakin ƙofa tana addu'a kada ya shiga. Can da yamma sai aka ji ihun 'yan kallo daga talabijin. Fili ya fito, 'yan wasa suka fito. Ba launi ko ɗaya, fari da baƙi kamar hoton kakanni, kuma hoton yana ta gangarawa, kawuna a ƙasa, ƙafafu a sama, su wuce su sake dawowa.

Thaddeus ya fita tsakar gida ya zaga sau biyu hannu a baya. Ya ce wa Malam Farouk in yana son darasi ya zo da littafi da biro. Malam Farouk ya ce hoton fa? Ya ce sabon ma'aikaci ma ranar farko jiri yake ji, zuwa Lahadi zai saba.

Lahadi ta zo. An kafa rumfar haya a ƙofar gida, an aro bencina, an fito da talabijin a kan tebur. Da safe an yi ruwa, rumfar ta tara shi a tsakiya ta yi tumbi. Zakara yana ɗaure a ƙafar tebur. Mutane sun zo da kayan cocinsu, wasu da kujerunsu, Mabel ta kawo zoɓo tana sayarwa. Baba Kure yana gaba a kujerar falo. Thaddeus ya sa kwat ɗin da ya yi bikin ritaya da ita, ya yi jawabi na rabin awa, ya ce Turawa da mutanen Japan sun raba duniya ba su yi shawara da Kurudu ba, shi kuma ya haɗa ta da tsinken ashana ɗaya. Aka tafa. Justina ba ta tafa ba, tana tsaye kusa da teburin, idonta a kan na'ura.

Rakiyar ta ƙi sau tara a gaban jama'a, ta goma ta yi. Wasan farko tsakanin wani tela ne da wani ɗan acaɓa. Hoto bai saba ba. Yana nan yana gangarawa, kuma da yake ba launi, ƙungiyoyin biyu duk riga ɗaya suka sa. Ɗan acaɓa ya kwashi ƙwallo ya yanke mutum huɗu ya zura a raga, ya tashi yana rawa, sai tela ya ce na gode, ragarka ce. Gardama ta kaure. Aka nemi alƙali, Thaddeus ya ce a ba shi a rubuce. Wata mata ta ce kanta na juyawa, a riƙe mata jariri. Wani daga baya ya ce ko a kifa talabijin ɗin, wani ya ce a'a, 'yan kallo ne za su riƙa tsalle daidai da hoton. Mabel ta ce da ta sani maganin jiri ta kawo, ba zoɓo ba.

Baba Kure ya buga sanda a ƙasa. Ya ce shi ba wannan aka gayyace shi ba. A mayar masa da mai kifi, ranar nan saura kaɗan ya kama.

Dariya ta tashi, irin wadda ba ta da daɗi ga mai kwat. Thaddeus ya share gumi, ya zagaya bayan tebur, ya tsugunna. Idonsa ya sauka a kan ɗan taransfoman nan. Ya taɓa shi ya ji zafi. Ya miƙe ya ɗaga hannu aka yi shiru.

Ya ce ya gano. Yunwa ce. Ta yaya za a ce na'ura ta ɗauki 'yan wasa ashirin da biyu da alƙali, da launi, da tsayar da hoto, ana ba ta rabin wuta? Tsoho ɗaya a bakin tafki rabin kwano ya ishe shi, amma wannan ƙwallo ce. Ɗan akwatin nan shi ne ke cinye rabon ma'aikata a hanya, ya san irinsu a ofis.

Malam Farouk ya tafi sallar la'asar. Justina ta waiga ta neme shi ba ta gan shi ba. Ta kama hannun kwat ɗin mijinta, ta yi ƙasa da murya don kada jama'a su ji.

"Baban Kindness, ta Marvel ce. Ka bari Malam ya dawo."

"Mako uku tana gidana, Maman Kindness. Ta ci ta sha, ta ga mutanen gari. Ta zama 'yar gida. Abin da muke ci shi za ta ci."

Ya zare wayar daga ɗan taransfoma ya cusa a soket ɗin da talabijin ke ciki.

Na'ura ta yi fat, ba ma da ƙarfi ba, kamar an fasa ledar ruwa. Sai hayaƙi siriri ya fito ta murfi, ya yi kauri, wari ya tashi kamar ana ƙona taya. Zakara ya firgita ya tsinke igiya, ya bi ta kan tela, ya dira a saman rumfa. Rumfa da ma jira take. Duk ruwan safe ya sauko a kan babban baƙo da mai masaukinsa. Jama'a suka watse, bencina suka kife, ɗan acaɓa ya bi zakara yana cewa ai shi kaɗai ya ci ƙwallo a gasar nan, ko a ragar wa.

Malam Farouk ya iso da carbi a hannu. Ya zare wayar, ya ɗaga na'urar ya shinshina, ya jijjiga ta, wani abu ya yi kacau-kacau a ciki. Ya ce inna lillahi, wutar ba a bakin ƙofa ta tsaya ba, ta ci har ƙurya. Thaddeus, ruwa na ɗiga daga haɓarsa, ya ce hutawa take yi, a ba ta minti goma. Mabel ta ce a'a Oga, ƙoshi ta yi.

Baba Kure yana matse hularsa. Ya dubi hayaƙin ya daɗe, sannan ya tambaya a hankali, "Mai kifin fa? Ya samu ya fita?"

Justina ta ɗauki na'urar da zafinta ta naɗe a zani ta shige ɗaki.

Ranar Litinin tana mayar da kayan cikin kwali ta ji ƙasansa ya yi nauyi. Ta ɗaga soson da aka shimfiɗa, sai ga faya-fayai huɗu a jere, sababbi a ledarsu, na saman da hoton ƙwallo da rubutun Japan. Ta zauna a ƙasa. Da ta miƙa hannu ta dafa tebur, fayil ɗin GEM ya zamo, takardar nan mai ninki ta faɗo. Rubutun Silas ne, da Hausa, da manyan baƙaƙe don ya san karatun yayarsa a hankali yake. Ta bi da yatsa.

"Yaya, faya-fayanta suna ƙarƙashin soso, har da na ƙwallo. Na ƙasar nan kawai take ci, kada a sa mata wani. Kada a jona ta sai da ɗan akwatin wuta. Don Allah kada ki bari Baban Kindness ya taɓa."

A kan layin ƙarshe, daidai sunansa, ga hatimi shuɗi ya zauna daram. An karɓa. Ga kwanan wata, ga sa hannu mai wutsiya.

Ta kai masa har inda yake shanya kwat. Ya riƙe takardar nesa da ido, ya karanta, karo na farko a tarihin hatimin. Sannan ya ce shi cewa ya yi ya karɓa, bai ce ya karanta ba, kuma laifin Silas ne da bai rubuta gaggawa a sama ba. Ya kai hannu zai sa ta a aljihu, Justina ta fizge.

Tun ranar yake bin ta. Ya zo da sabon shiri, kuma ya ce wannan ba ya kuskure. Za a ce na'ura a haka ta iso, zafin kwantena ne a kan teku. Ya riga ya rubuta rahoto shafi biyu ya buga hatimi. Ya zagaya maƙwabta yana roƙon su yi shiru. Mabel ta ce za ta duba, Malam Farouk ya ce shi in ba a tambaye shi ba ba zai faɗa ba, in an tambaye shi kuwa ba zai yi ƙarya ba, Baba Kure ya ce a ba shi faifan kifi ya rataya a ɗaki. Abu biyu suka rage. Ta ba shi takardar Silas ya san yadda zai yi da ita, sannan ita da bakinta ta faɗi maganar teku, don a duniyar nan maganar Justina kaɗai Silas ba ya bincike. In ta ƙi, in ji shi, ta kwance wa uban 'yarta zani a gaban surukai, kuma shekara goma sha tara na aure ba wasa ba ne.

Takardar tana cikin littafin waƙoƙinta na coci. Jiya Marvel ta kira da wayar uwarta, ta ce ranar Juma'a za su taho, babanta ya gaya mata abin da ke jiranta. Ta tambaya, "Anti, wace kala ce?" Justina ta ce baƙa. Yarinyar ta yi ta tsalle har wayar ta faɗi.

Shi kuwa maigidan ya goge kwat, ya ce shi zai je filin jirgi ranar Asabar ya taro surukinsa, kada wani ya riga shi ba da bayani. Ya ƙara wa hatimi tawada.

To jama'a, ku da kuka ji yadda aka yi, ku ba baiwar Allah nan shawara, don kwana biyu suka rage mata. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, an kuma ce ɗan'uwa rabin jiki. Ta ɗora wa teku laifi ta rufa wa mijinta asiri, ta yi wa ƙanenta ƙaryar farko a rayuwarta? Ko in Silas ya zauna ya sha ruwa ya ce Yaya ina ajiyata, ta buɗe littafin waƙoƙi ta miƙa masa takardarsa, ya ga da idonsa wanda ya karɓa?